Ana kirana Farfesa, amma darasi uku sun kayar da ni

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 19, a Kurna nake zaune tare da iyayena. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, har 'yan ajinmu suka sa mini suna Farfesa. Makina na JAMB bai kai na shiga injiniya ba, shi ne Baba ya biya mini kuɗin IJMB, shirin share fagen shiga jami'a, nake ɗaukar Kemistiri da Lissafi da Fiziks. Baba gyaran batirin mota yake yi a Ƙofar Ruwa, kuma na san yadda aka yi kuɗin nan suka haɗu.

Matsalata darasi uku ne: kemistirin lantarki, intigireshan ɗin sin da cos, sai alaƙar daidaito. An yi mana gwaji, duka ukun na faɗi warwas. Wallahi ba wasa nake yi ba. Na haddace dokokin Faraday, na haddace fomula ta fi talatin, ina kwana a zaune da Nescafé, amma da an juya tambaya sai kaina ya ɗaure. Yau a ce anod ce negatif, gobe a ce ita ce fozitif. Kunya ba ta barina in yi tambaya a aji saboda sunan nan da aka sa mini. Na ce wa Baba sakamakon bai fito ba. Wani abokina ya ce akwai mai kawo amsa ranar jarrabawa in an biya shi. Wani lokaci kuma sai in ji gara in ajiye karatun in koma rumfar Baba. Malam, ƙwaƙwalwata ce ta toshe ko yaya?

Ɗanku daga Kurna.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa mahaifinka da alheri.

Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau. Wanda kansa ya toshe ba ya iya nuna inda ya ɓace, kai kuwa ka ɗora yatsa a kan wurin: da an juya tambaya sai komai ya watse. Ka zo iyakar inda hadda ita kaɗai take kai ɗalibi ne. A sakandare tambayoyi sukan dawo da kamanninsu, wanda ya haddace na shekarun baya sai ya haye. Darussan nan uku kuwa, ko da yake a ido ba abin da ya haɗa su, halinsu ɗaya ne. Kowannensu yana so ka yanke wani ɗan hukunci tukuna kafin ka ɗora biro a takarda, fomula kuma bayan hukuncin take zuwa. Kai ka tara fomula talatin, ba wanda ya nuna maka hukuncin. Ba raina hadda nake yi ba, a garin mahaddata muke, kuma akwai abubuwan da zan ce ka haddace nan gaba. Sai dai ba su kai goma ba.

Zan fara da kemistirin lantarki, don shi ne ya fi ba ni takaici a wasiƙarka. Ɗakin gwajin da ɗalibai da yawa ba su taɓa gani ba yana nan a rumfar mahaifinka, kai kuma kana kallonta a matsayin wurin gudu in karatu ya gagara.

Hukuncin da ake yankewa a nan tambaya ɗaya ce tak: wa ya ba da ilektiron, wa ya karɓa? Inda aka bayar, nan ce anod, aikin da ya faru kuma oksideshan ne. Inda aka karɓa, nan ce katod, aikin ridakshan ne. Wannan ba ya canzawa, ko a batirin tocila ne ko a masana'antar tace alminiyam. Fozitif da negatif ba sa cikin ma'anar anod da katod, biyo baya suke yi, shi ya sa kake ganin suna tsalle daga nan zuwa can.

Ɗauki sel ɗin da John Daniell ya haɗa a Ingila a 1836, na san yana littafinku. Sandar tutiya a cikin ruwan sulfet ɗinta, sandar jan ƙarfe a cikin shuɗin ruwan sulfet ɗinsa, waya ta haɗa sandunan ta sama, gadar gishiri ta haɗa ruwayen biyu. A jadawalin da ke jera ƙarafa bisa lambar bolt ɗinsu, tutiya tana da −0.76, jan ƙarfe yana da +0.34. Wanda lambarsa ta fi ƙasa shi ya fi saurin sakin ilektiron, saboda haka tutiya ce mai bayarwa, ita ce anod. Tun da daga gare ta ilektiron ke fitowa yana bin waya, sai ta zama negatif. Ƙarfin sel ɗin kuwa lambar katod ce a ɗebe ta anod: 0.34 − (−0.76) = 1.10, bolt ɗaya da ɗigo ɗaya kenan. In aka bar shi yana aiki, sandar tutiya za ta riƙa zaizayewa, ta jan ƙarfe ta ƙara nauyi, shuɗin ruwan ya dusashe. Ba sai ka haddace ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, daga "tutiya ce ta bayar" suke fitowa bi da bi. Akwai tarko guda da masu jarrabawa ke so: in aka haɗa jan ƙarfe da azurfa, wadda take da +0.80, sai ka ninka ayon ɗin azurfa (ƙwayar azurfa mai caji da ke cikin ruwan) biyu kafin ilektiron ya daidaita, amma lambar bolt ba a ninka ta. Amsar 0.80 − 0.34 ce, wato 0.46. Ɗalibai da yawa sukan ninka 0.80 ɗin ya zama 1.60 su yi asarar maki a banza.

Yanzu mu koma Ƙofar Ruwa. Batirin mota jikan wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro ne a Faransa a 1859. Ɗaki shida ne a jere, kowane yana ba da bolt biyu da 'yar ɗoriya, shi ya sa mitar Baba take nuna wajen 12.6 in batir ya cika. A kowane ɗaki akwai farantan dalma zalla da farantan PbO₂, wato dalma haɗe da oksijin, duk a tsome cikin ruwan asid, H₂SO₄. Lokacin da direba ya murza makulli, dalma zalla ce ke ba da ilektiron, ita ce anod, kuma ita ce kan negatif. Farantan biyu duka suna rikiɗa zuwa sulfet ɗin dalma, asid ɗin kuma yana tsinkewa. Dalilin kenan da ya sa mai gyara yake zuƙo ruwan da ma'aunin gilashin nan mai robar matsawa a ka, ya ɗaga shi sama ya duba inda ɗan abin ciki ya tsaya. A cikakken batir nauyin ruwan yakan kai wajen 1.28, a wanda ya sauka ƙasa ƙwarai ya dawo kusa da 1.1.

To an kawo batirin ya mutu, Baba ya jona shi a caji. Yanzu injin caji ne mai iko, yana fizgo ilektiron daga farantin fozitif da ƙarfin tsiya yana tura shi cikin na negatif. Wa ke bayarwa yanzu? Farantin fozitif. Ashe shi ne anod. Batir ɗaya ne, kawunan biyu ba su motsa ba, alamar da aka buga a jikinsu tana nan, amma sunan anod ya tashi daga wannan kai ya koma wancan saboda hanyar ilektiron ta juya. Sel ɗin da ke ba da wuta da kansa, anod ɗinsa negatif ce. Wanda ake tura wa wuta daga waje, anod ɗinsa fozitif ce. Malaminku bai yi tufka da warwara ba, sel iri biyu ya koya muku a ranaku biyu, kai kuma ka zuba su a kwando ɗaya.

Ka lura kuma da kumfar da ke tasowa in caji ya yi yawa. Ruwa ne yake rabuwa, haidirojin ya fita ta katod, oksijin ta anod. Shi ya sa ruwa ne ke raguwa a batir, kuma tataccen ruwa ake ƙara masa maimakon asid. Shi ya sa kuma ba a ƙyasta ashana ko a sha sigari kusa da batirin da ke caji, don haidirojin ba ya wasa da wuta. Baba ya san wannan tun ba a haife ka ba, sunayen littafi ne kawai bai damu da su ba.

Dokokin da Michael Faraday ya fitar a farkon shekarun 1830, waɗanda ka ce ka haddace, taki uku ne in ka warware su. Ka ninka ƙarfin wuta da lokaci ka sami caji, lokacin kuma dole a daƙiƙa. Ka raba cajin da 96,500, wato cajin mol ɗaya na ilektiron, ka sami mol ɗin ilektiron (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin abu ne). Sannan ka tambayi kanka, ilektiron nawa ayon ɗin nan yake bukata kafin ya zama ƙarfe? A ce amfiya 0.5 ta bi ta cikin ruwa tsawon minti 32 da daƙiƙa 10, wato daƙiƙa 1,930. Caji ya zama kulom 965, mol ɗin ilektiron 0.01. Azurfa ilektiron ɗaya take so, saboda haka mol 0.01 zai sauka, a ninka da 108, nauyin mol ɗaya na azurfa, ya ba da giram 1.08. Jan ƙarfe biyu yake so, sai mol 0.005, a ninka da 63.5 ya ba da wajen giram 0.32. Alminiyam uku yake so ga shi ba nauyi, giram 0.09 kacal za a samu, kuma daga nan za ka fara gane abin da ya sa tace shi yake cin wuta haka. Wutar ɗaya ce, lokacin ɗaya ne, ƙarfen da ya sauka ya bambanta. Doka ta biyu da ka sha wahalar haddacewa ita ce wannan da ka gani yanzu.

Zancen wane ayon ne zai fara sauka in suna da yawa a ruwa, abu uku ake dubawa: matsayinsa a jadawali, yawansa a ruwan, da irin sandar da aka tsoma. Ruwan gishiri mai kauri kulorin yake bayarwa a anod, tsinkakke kuma oksijin, a katod kuwa haidirojin ne ke fita, sodiyam ba ya sauka muddin akwai ruwa. Shuɗin ruwan jan ƙarfe in aka tsoma masa sandunan kabon, oksijin zai fito a anod, launin ya dusashe. In sandunan na jan ƙarfe ne, anod ɗin ce za ta riƙa narkewa tana mayar da abin da katod ta ɗauke, launin ya zauna yadda yake. Da wannan hanya ake tace jan ƙarfen wayar lantarki.

In kana so ka gwada ko jadawalin ya zauna maka, ɗaga kai ka kalli kwanon rufin gidanku. Ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya. Ƙarfe −0.44 ne, tutiya −0.76, don haka ko kwanon ya karce, tutiyar ce za ta riƙa bayarwa tana cinyewa, ƙarfen ya tsira har sai ta ƙare. Gwangwanin tumatir kuwa da kuza ake lulluɓe shi, ita kuma −0.14 ce, sama take da ƙarfe. Da ya karce, ƙarfen ne mai bayarwa, sai ka ga tsatsa ta cinye shi da wuri.

Intigireshan ɗin sin da cos ba ya son dogon surutu, hannu yake so. Abu biyu kawai muka iya kai tsaye: sin x yana komawa −cos x, cos x yana komawa sin x. Duk sauran dabara ce ta lallaɓa tambaya mai wuya har ta dawo kan waɗannan biyun. Hukuncin a nan shi ne ka dubi 'yar lambar da ke saman sin ko cos. Tana rabuwa biyu ba saura, irin 2 da 4, ko ba ta rabuwa, irin 3 da 5?

In ba ta rabuwa, ka ɓalle guda ɗaya ka ajiye gefe. sin³x ya zama sin²x sau sin x, sin²x kuma ya zama 1 − cos²x. Ka sa u = cos x, sai du = −sin x dx, wanda ka ajiye gefen nan ya shige cikin du ya ɓace. Abin da ya rage lissafin 'yan aji huɗu ne, amsa ta fito −cos x + cos³x/3 + C. In tana rabuwa biyu, wannan dabarar ba ta ci, ba abin ɓallewa. Sai ka ninka kusurwa: sin²x = (1 − cos 2x)/2, amsa ta zama x/2 − (sin 2x)/4 + C. In kuma kusurwoyin ne suka bambanta, kamar sin 3x sau cos x, ka mayar da ninki ya zama tarawa: rabin sin 4x da rabin sin 2x, amsa −(cos 4x)/8 − (cos 2x)/4 + C. Shi kuwa tan x, rubuta shi sin x bisa cos x, za ka ga na sama difarenshiyeshan ɗin na ƙasa ne in ban da alamar ragewa, sai amsa ta zama −ln|cos x| + C.

Ga abin haddacewar da na yi maka alkawari: sin²x + cos²x = 1, da warwarar sin(A + B), da ta cos(A + B). Sa B ya zama A, ka sami sin 2x da cos 2x. Sa B ya zama −B, ka sami na ragewa. Tara biyu ko ka ɗebe, ka sami na mayar da ninki tarawa. Raba ta farkon da cos²x, ka sami 1 + tan²x = sec²x. Ka zauna da farar takarda ka fitar da su da hannunka sau uku ko huɗu, fomula talatin ɗin nan za su koma 'ya'yan uku.

Darasin nan yana da wata falala da sauran ba su da ita: ba ka bukatar malami ya duba maka. Kowace amsa ka samu, yi mata difarenshiyeshan, in tambayar ta dawo ka ci, in ba ta dawo ba ka nemi alamar ragewa ko rabin da ka yar a hanya, don kusan kullum su ne ɓarayin. In an ba da iyaka irin 0 zuwa π, ka tabbata kalkuletarka tana kan radiyan. Kuma kada ka ɗauka wasan takarda ne. Wutar da ke shigowa gida tana kaiwa tana komowa sau 50 a daƙiƙa, bisa siffar sin. Matsakaicin sin² a zagaye guda rabi ne, daga x/2 ɗin can ya fito, shi ya sa wutar da mita ke kira bolt 230 ƙololuwarta takan kai wajen 325, wato 230 sau √2. Za ka haɗu da wannan a Fiziks ba da jimawa ba.

Gwada ∫ sin x cos x dx ta hanyoyi uku. In ka sa u = sin x za ka sami (sin²x)/2. In ka sa u = cos x za ka sami −(cos²x)/2. In ka bi ta sin 2x za ka sami −(cos 2x)/4. Ɗalibai uku sai su yi ta musu a kan wa ya ci, alhali duk sun ci. Ɗebe ta biyu daga ta farko, rabi ne ya rage. Bambancinsu tsayayyar lamba ce, C ɗin da kuke mantawa ita ke haɗiye shi. Amsoshin ba abu ɗaya ba ne harafi da harafi, amma ta fuskar da ta dame mu ɗaya ne. Ka ga mun shigo darasinka na uku ba tare da mun yi sallama ba.

Alaƙar daidaito hanya ce ta cewa abubuwa daban-daban ɗaya ne ta wata fuska da muka zaɓa. Sharaɗi uku gare ta. Kowane abu yana da alaƙar da kansa, shi ne rifleksif a littafinku. In A yana da ita da B, to B ma yana da ita da A, shi ne simetirik. In A yana da ita da B, B kuma da C, to dole A yana da ita da C, shi ne tiranzitif.

Duba gidan Bahaushe mai mata fiye da ɗaya. Alaƙar "uwarmu ɗaya" ta cika duka ukun, gwada ka gani. Sakamakonta kuma kowa ya san shi: ta raba 'ya'yan gida ɗaki-ɗaki, kowane yaro yana cikin ɗaki ɗaya tak, ba wanda ya rasa, ba mai biyu. Waɗannan ɗakunan su ne azuzuwan daidaito da ake tambayarku, kuma duk alaƙar da ta cika sharuɗɗan uku haka take yanka taro. Yanzu sauya ta kaɗan, ka ce "mun haɗa uwa ko uba". A ce kana da ƙanwa da kuke uba ɗaya, ɗaki daban. Mahaifiyarta kuma ta zo gidan da agola daga aurenta na fari. Kai da ƙanwarka kun haɗa uba. Ƙanwarka da agolar sun haɗa uwa. Kai da agolar fa? Ba uwa ba uba, har in ba shayarwa a tsakani aure ma ya halatta. Sharaɗi na uku ya karye, alaƙar ta faɗi, duk da na farko da na biyu suna tsaye.

Hukuncin wannan darasi kenan: kafin ka fara hujja, yi ƙoƙarin karya alaƙar. Misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya kashe ta, misali ɗari da suka dace kuwa ba su isa hujja ba. "A bai fi B girma ba" tana karyewa a sharaɗi na biyu, don 2 bai fi 5 ba amma 5 ya fi 2. "Tazararsu ba ta wuce 1 ba" tana karyewa a na uku, gwada 1 da 2 da 3. In ka yi ta bugu ta ƙi karyewa, sannan ka rubuta hujja da haruffa. Ga wadda aka fi kawowa: a da b suna da alaƙa in 7 tana raba a − b ba saura. Na farko, a − a = 0, wato 7 sau 0. Na biyu, in a − b = 7k, to b − a = 7(−k). Na uku, in a − b = 7k kuma b − c = 7m, tara su, a − c = 7(k + m). Layi uku, an gama. Azuzuwanta bakwai ne, kuma ka san su tun kana yaro, ranakun mako ne. Jaririn da aka haifa Talata, Talata ake sunansa. Kwana arba'in kuwa, raba 40 da 7 saura 5, ƙirga biyar daga Talata, Lahadi kenan. Alamar ≡ da kuke rubutawa Carl Friedrich Gauss ne na Jamus ya shigo da ita a 1801 don irin wannan lissafi.

To, mu bar allo mu zo kan abin da ya fi hana ka barci.

Ka gaya wa Baba gaskiya cikin makon nan. Faɗuwa a gwaji ƙaramin abu ne a wurin mutumin da ya ga rayuwa, amma ya ji daga bakin wani cewa ɗansa ya rufe shi, wannan zai daɗe yana ci masa rai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma sakamakon ƙarshe zai fito ko ka so ko ka ƙi. In bakinka ya yi nauyi, fara da Umma ta share maka hanya, amma maganar daga bakinka za ta fito. Ka same shi bayan ya ci abinci ya huta, ka durƙusa ka ce gwajin ya fito, ba ka ci ba, kunya ce ta sa ka ɓoye, ya yafe maka. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya: ya bar ka ka riƙa zuwa rumfa ranar Asabar da safe da littafinka, ya ba ka mita ka auna batir kafin caji da bayan caji, ya nuna maka cikin wanda aka fasa. Ka yi hattara da asid, ka kare idonka, ka bi abin da ya ce. Gani ya kori ji. Ina kuma kyautata zaton ranar da ka tambaye shi abin da ya sani kana rubutawa, zai ji wani daɗin da sakamakon gwaji ba zai ba shi ba.

Maganar mai kawo amsa, ka rufe ta. Haramun ne, ha'inci ne, kuma dokar ƙasa ta 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri. Ko mu ajiye wannan gefe, dubi lissafin. IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, aji biyu na jami'a take kai mutum kai tsaye. Can kuwa ba wanda zai koma ya koya maka sin²x, a kansa za a ɗora gini, musamman in lantarki ka zaɓa. Wanda ya sayi amsa bana, baɗi zai zauna a ajin da ba ya jin komai, ga kuɗin Baba sun tafi sau biyu. Da yawan masu wannan alkawari ma kuɗin kawai suke karɓa su kashe waya.

Sunan Farfesa kuma ya fara cin kuɗinka, sai ka rage masa daraja. In ɗaga hannu a aji ya yi maka nauyi, bi malamin bayan darasi. Kada ka je ka ce "ban gane ba" kawai, malamin da ke da aji cike ba ya da abin yi da wannan. Je da takardar da ka yi aiki a kai, ka nuna layin da ka tsaya, ka ce daga nan ne ban san inda zan bi ba. Minti biyar ya ishe shi. Ka kuma nemi mutum biyu a ajinku, ba goma ba, ku riƙa haɗuwa kowa ya koya wa sauran abu ɗaya a allo. Za ka sha mamakin yawan waɗanda suka faɗi gwajin nan suka yi shiru irin naka.

Kwanan zaune da Nescafé ka daina shi. Irin karatun nan na yanke hukunci ba ya shiga kan da bai yi barci ba. Ka kwanta da wuri, ka ba lissafi awa ɗaya da rabi bayan Asuba, littafi a rufe, tambaya biyar kacal, kowace ka rubuta hukuncinka a gefe da Hausa kafin ka fara: "ba ta rabuwa, zan ɓalle ɗaya", ko "ana tura wuta daga waje, anod fozitif". Sai ka gama ka buɗe littafi. Tambayoyin shekarun baya kuma ka fara su tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Komawa rumfa ba abin kunya ba ne, sana'ar ce ta biya maka makarantar. Ga shi sola ta cika gari, mai sanin batir ciki da waje ba zai rasa abin yi ba a Kano. Amma gwaji ɗaya bai isa ya yanke maka wannan shawara ba. Ka kai ƙarshen zangon, ka zauna jarrabawar da guminka, sannan ku zauna da Baba ku duba.

Kafin Asabar ga aiki. Yi ∫ cos³x dx, ya kamata ka sami sin x − (sin³x)/3 + C. In ta fito, gwada sin⁴x, wadda sai ka ninka kusurwa sau biyu, amsarta 3x/8 − (sin 2x)/4 + (sin 4x)/32 + C. Lissafa giram nawa na jan ƙarfe amfiya 2 za ta sauke a awa ɗaya, ka ga ko za ka sami wajen 2.37. Sannan ka duba alaƙar "muna sallar Juma'a a masallaci ɗaya" a tsakanin mazan layinku, ka faɗa mini sharaɗin da zai fara girgiza in akwai mai sauya masallaci mako-mako, da wanda zai karye in akwai wanda ba ya zuwa ko ɗaya. Ka rubuto mini abin da ka samu, har da inda ka maƙale.